Kaset ɗin Ishiriniya da daren Mauludi a Akokan

A cikin akwatin ƙarfen da mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa, akwai wani kaset wanda ba sunan kowa a jikinsa, sai kalma guda da aka rubuta da ajami: Ishiriniya. A kasuwar Maraɗi ya saye shi, shekarar da ya ɗauki hanyar arewa neman aiki. Muryar da ke ciki ta wani makaho ce mai bege, murya mai ɗan kaushi, wadda kan karye idan ya kai ƙarshen baiti. Ba ganga, ba kayan kiɗa, sai amshin almajirai biyu da tarin wani dattijo can daga baya.

Ishiriniya ba baƙuwa ba ce ga malamai. Alfazazi, masanin Andalus da ya rasu a 1230, shi ya tsara ta don yabon Manzon Allah (SAW): ƙasida ga kowane harafin Larabci, kowace da baiti 20, daga nan sunan ya samo asali. Ibnu Muhibu ya yi mata tahamisi, kuma a wannan siga ta ratso Sahara ta zauna a zaurukan ƙasar Hausa. Da watan Rabi'ul Awwal ya kama, sai ka ji ta ko'ina, kowane gari da karin muryarsa. Dubban mutane sun rera ta. To me ya sa ni, idan ba ta makahon nan ba ce, sai in ji kamar Mauludi bai zo ba?

Amsar tana cikin garin da na tashi. Arlit da Akokan ba garuruwan kaka da kakanni ba ne. Uraniyom ne ya kafa su. SOMAIR ta fara haƙa a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978 da raminta mai zurfin mita 250 a Akokan. Ma'aikata suka taru daga Tawa, Damagaram, Maraɗi, Doso da Yamai, ga Abzinawa masu ƙasa, ga Turawan Faransa a unguwarsu. Kusan kowane magidanci baƙo ne, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Daren 12 ga wata, idan mahaifina ba ya aikin dare, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ɗora shayi, ya sa sababbin batura cikin rediyo. Abokansa Maraɗawa su shigo ɗaya bayan ɗaya. Da makahon ya ja baitin farko, hira ta mutu. Na sha ganin mutanen da suka wuni cikin duhun rami suna share ido da bakin rawani. Ina yaro na ɗauka ma'anar baitocin ce ta motsa su. Sai da na girma na gane yawancinsu ba su jin Larabcin. Karin garinsu suke ji, irin wanda suka saba da shi a ƙofar masallacin unguwarsu tun kafin su san akwai wani wuri Arlit.

Turawan ma haka suke. Cikin watan Disamba, lokacin da sanyin hamada ke huda ƙashi, mukan jiyo wata murya mai laushi daga gidajensu. Bayan na shiga karatun Faransanci na san ta: Tino Rossi ne, da waƙarsa ta Kirsimeti, Petit Papa Noël, wadda ya rera a 1946. Mawaƙa da dama sun maimaita ta bayansa, amma injiniyan da ke zaune tsakiyar rairayi tasa yake nema, don ita ya ji a ɗakin uwarsa. Addini daban, harshe daban, ciwon ɗaya ne.

Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Akokan bayan ma'adinin ya ƙare. Ɗaruruwan ma'aikata suka watse, wasu gida, wasu wuraren haƙar zinariya. Bara na bi ta layinmu, ban tarar da ko mutum ɗaya cikin masu zaman tabarmar nan ba. Da na koma gida na sa kaset ɗin, sai abin ya ba ni mamaki. Muryar da ke mai da mahaifina Maraɗi, ni Akokan ta mai da ni: ƙamshin shayi, ƙarar motar da ke kwasar ma'aikata, ƙurar da ke kwanta bisa rediyo. Wurin da ya zauna yana kewar gida, shi ne ya zama gidan da nake kewa.

Kwanan baya wata ɗalibata ta kunna mini Ishiriniya a wayarta, an haɗa ta da fiyano, an goge muryar tas. Har na buɗe baki zan kushe, sai na yi shiru. Wa ya sani ko nan da shekara 30 wannan ce za ta sa ta hawaye? Ba ni da ikon zaɓa mata abin tunawa. Abin da ke wuyana shi ne ta san akwai wata murya kafin wannan.

Shi ya sa nake kira ga ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura; nawa ya fara ja, amshin almajiran ya soma dusashewa. Irinsa na nan jibge cikin akwatunan tsofaffin ma'aikata, daga Arlit har Cirozerin. Mu tura ɗalibai su tambayo iyayensu, a kwafe muryoyin a kwamfuta, a rubuta garin da kowace ta fito da wanda ya kawo ta. Matanin Alfazazi yana cikin littafi, ba abin da zai same shi. Amma karin makahon nan, da tarin dattijon da ke bayansa, in zaren ya tsinke, shi ke nan.