Ƙafa Uku a Hanyar Gwarzo

Duk wanda ya tashi a Gwarzo ko Kabo ya san matsayin babur a gidan talaka. Da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da shi ake ɗauko taki, da shi ake zuwa ɗaurin aure a ƙauyen da mota ba ta shiga. Ni kuwa sai na ƙara masa wani aiki, wato yawon ganin ƙasa. Tun ina koyarwa a firamare, in Asabar ta zo, ni da abokaina mukan cika tanki mu kama hanya. Wata rana mu gangara Karaye mu kalli ruwan Challawa, wata rana mu bi ta Getso, wata rana mu tsallaka Dayi mu yi Azahar a Malumfashi. Wasu suna ce mana 'yan yawon banza. Mu dai mun san ba garin da za mu shiga mu rasa ɗan'uwa ko tsohon ɗalibi da za a gaisa da shi.

Da damina abin ya same ni. Hanyar burji ta jiƙe, tayar baya ta zame, na faɗo da ƙugu a kan kututture. 'Yan'uwa suka ɗauko mai ɗori, kamar yadda aka saba. Dattijon ya shafa bayana a hankali, ya ce in motsa yatsun ƙafa, sannan ya juya ga yayana ya ce, "Alhaji, wannan ba aikina ba ne. Ku shimfiɗe shi a kan katako, kada ku lanƙwasa shi, ku kai shi Dala." Har gobe ina yi wa mutumin nan addu'a.

A Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake karɓar masu karaya tun 1959, hoto ya nuna ɗaya daga cikin ƙasusuwa biyar na ƙasan gadon baya ya tsage, amma laka ta tsira. Laka ita ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu, kuma a ɗakin da na kwanta na ga samari majiya ƙarfi da hatsarin babur ya taɓa tasu, sai an juya su. Aka ɗaura mini ɗamara, aka sa ni gashi. Ranar sallama likita ya ce, "Malam, babur kam sai haƙuri." Ya lissafa mini dalilai: girgizar hanya, buga kik da ƙafa, tokare nauyin babur da ƙafa ɗaya in an tsaya, da kuma faɗuwa ta biyu, wadda ba lalle ta zo da sauƙin ta farko ba.

Zaman gida ya koya mini abin da ban sani ba game da jama'ata. Da farko zaure ba masaka tsinke saboda 'yan dubiya. A hankali ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma gonarsa da kasuwarsa. Ban ga laifin kowa ba. Abin da na gano shi ne, yawancin zumuncin da nake taƙama da shi, zuwan da nake yi ne yake riƙe da shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa ƙafata babur ce. Aka yi rasuwa a Garo sai a waya na yi ta'aziyya. Aka aurar da 'yar aminina a Kabo sai goron aka aiko mini. Wannan ya fi ciwon bayan ci mini rai.

Wanda ya buɗe mini ƙofa wani mai walda ne da shan inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro. Kano ta daɗe tana fama da cutar kafin a tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayarta, kuma waɗanda ta taɓa da yawansu sun zama gwanayen ƙera kekunan guragu da ƙara wa babur tayoyi. Na kai masa kukana, ya yi dariya ya ce, "Malam, kai yau ka shigo layin, mu a ciki muka tashi." Na so ya ƙara wa babur ɗina tayoyi irin nasa. Ya ce a'a, matsalarsa ƙafa ce, tawa baya, kuma sirdin babur ba shi da majingina. Ya ce in nemi Adaidaita Sahu.

Kowa ya san tarihin keken nan. Gwamnatin Obasanjo ta yaɗa shi a ƙarƙashin shirin yaƙi da talauci da ta kafa a 2001, shi ya sa ake ce masa Keke Napep. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shi don ɗaukar mata, ya ci sunan shirinta na gyaran tarbiyya. Da aka hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai ya mamaye tituna. Amma a wajenmu babur bai sauka daga karagarsa ba, kuma a idon jama'a keke abin haya ne. Dattijo ya saye shi don hawan kansa, wannan sabon abu ne. Na koma wurin likita na tambaye shi. Ya amince da sharaɗi: kujera mai laushi da majingina, ɗamara a ƙugu, hutu a kai a kai, ban da ɗaga kaya. Na sayar da babur, na cika kuɗi na sayi na hannu.

Wanda ya iya babur sai ya sake koyon tuƙi daga farko. Babur in ya zo kwana, kwanciya ake yi da shi. Keke ba ya kwanciya. In ka shiga kwana da gudu sai tayar baya ta ciki ta ɗaga, in ba ka yi sa'a ba ya kife, don haka tun kafin kwanar ake rage wuta. Giyar ma a hannun hagu take, tare da kuloci, murɗawa ake yi. Sai batun rami. Babur sawu ɗaya gare shi, ko tafin hannu ne ya rage na kwalta zai wuce. Keke sawu uku yake bi, ga ƙananan tayoyi, in ta gaba ta kauce wa rami ta baya ta faɗa. Bayana ne yake gaya mini duk ramin da na yi wa ganganci. A madadin haka, ina tayar da shi da maɓalli, yana da ribas, kuma in na tsaya ba na riƙe nauyin komai.

Fitata ta farko mai nisa, na doshi Kabo. Ban yi nisa ba wata tsohuwa da ƙullin kaya a ka ta ɗaga mini hannu. Na tsaya. Ba ta ko dube ni ba ta tura kayan ciki, ta zauna, ta ce, "Yaro, Kabo, kuma kada ka tsawwala mini." Na ce, "To, Iya." Da muka isa ta kwance bakin zane tana ƙirga kuɗi, na ce ta bar shi, ba haya nake yi ba. Ta ƙura mini ido, ta ga furfura, ta kama baki ta ce, "Af, Malam, ka yafe ni!" Ta yi ta sa mini albarka har na sha kwana. Tun daga ranar, masu ce mini "Malam ya koma ɗan sahu" sun daina damuna. Da na ƙi tsayawa don gudun wannan sunan, da tsohuwar nan ta daɗe a rana.

Yanzu tafiyata ta sauya. Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, da can ba na ɗaukarsa komai, yau sai na yada zango a Rimin Gado na miƙe ƙafa. Abokaina sukan wuce su jira ni a gindin bishiya suna tsokanata. Ba na kai Magariba a hanya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowace fita sai an yi lissafi. Amma kujerar baya ta kawo abin da babur bai taɓa kawowa ba. Uwargida, wadda shekara da shekaru labarin garuruwa kawai take ji a bakina, yanzu da ita ake zuwa. Ranar da muka tsaya a bakin madatsar Guzuguzu ta ce, "Malam, ashe abin da kake zuwa gani ke nan kai kaɗai?" Jikoki kuwa tun Juma'a suke kama layi.

Ban warke sarai ba, in sanyi ya shigo bayan yakan tuna mini. Kuma ba na ce wa kowane mai ciwon baya ya hau keke, raunin wani ba irin na wani ba ne, likitansa ne zai faɗa. Abin da na sauya shi ne yadda nake dubiya. Da can in na je wurin mai jinya, "sannu" da "Allah ya sawwaƙe" ne iyakata. Yanzu nakan zauna in tambaye shi ina ne yake marmarin zuwa, wa yake son gani. In jikinsa zai ɗauka, kuma likita bai hana ba, sai in ce ya shirya, ranar Asabar zan biyo.