ZAMAN BAƘO A ƘASAR TAILAN



Da yawa cikinmu sun ci shinkafar Tailan, amma kaɗan ne suka san inda ƙasar take. A wannan wata za mu ba ku labarinta, da yadda baƙo yake zama cikin mutanenta. Akwai ƴan Afirka da suke zuwa can sarin tufafi a kasuwar Faratunam ta birnin Bankok. Akwai masu kai duwatsu masu daraja garin Cantaburi. Akwai ƴan makaranta. Watakila gobe ɗanka ko ƙanenka ne zai ce zai tafi. To, ya kamata ka san abin da za ka gaya masa.

INA ƘASAR TAKE?

Tailan tana gabas da mu, can gaba da Makka, gaba da Indiya. Babban birninta Bankok. Faɗinta bai kai rabin Nijar ba, amma mutanenta sun fi miliyan 65. Da can sunanta Siyam, a 1939 aka canza shi. Turawa ba su taɓa mulkinta ba.

Rana tana riga fito musu da awa 6. In ƙarfe 6 na safe ta yi a Yamai, su can rana ta take tsaka. Mai zuwa daga Yamai sai ya canza jirgi a hanya, a Adis Ababa ko a Istambul.

Ƙasar ruwa ce. Damina tana kamawa daga Mayu har Oktoba. Ruwan da yake sauka a Bankok cikin shekara ya ninka na Maraɗi kamar sau uku. Shi ya sa shinkafa take yi musu. A 2024 sun sayar wa duniya kusan ton miliyan 10. Yadda tuwo da fura suke gare mu, haka shinkafa take gare su. In za su ce a ci abinci sai su ce "kin kau", wato cin shinkafa. Har gaisuwa suke yi da ita, su tambaye ka: ka ci shinkafa ko tukuna? A yankin Isan, arewa maso gabas, suna da wata shinkafa mai danƙo. Da hannu ake dunƙula ta kamar lomar tuwo, a dangwala a miya.

LADABIN MUTANEN TAILAN

Abu na farko da baƙo zai koya shi ne ladabinsu. Ba su cika ba da hannu ba. Mutum yakan haɗa tafin hannunsa biyu a ƙirji, ya ɗan sunkuyar da kai. Ƙarami ne yake fara yi wa babba. Wanda ya girme ka kaɗan "fi" ne, wato yaya. Wanda ka girma "nong" ne, wato ƙane. Ko mai sayar da abinci a bakin hanya haka ake kiransa, kamar yadda muke yi a nan.

A wurinsu kai abu ne mai daraja, ƙafa kuwa abin ƙasa ce. Kada ka dafa kan mutum. Kada ka nuna wani abu da ƙafa. Kada ka miƙe ƙafa tana kallon babba. In za ka shiga ɗakin mutane ko wurin ibadarsu, tuɓe takalmi.

Ba su son ɗaga murya. Suna yabon mai "cai yen", wato mai sanyin zuciya. Baƙon da ya yi faɗa a kasuwa ko a ofis ya zubar da girmansa, kuma bukatarsa ba za ta biya ba. In an yi kuskure sai ka ji sun ce "mai pen rai". Ma'anarsa ba komi.

Harshensu yana da hawa da saukar murya iri biyar. Kalmar "ma" tana iya zama zo, ko doki, ko kare. Murya ce take rarrabewa. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da mu ma da murya muke raba kuka ta miya da kukan yaro. Baƙaƙensu 44 ne, ban da wasula, kuma ba su barin fili tsakanin kalmomi. Malami ma in ya sauka can sai ya koma kamar ranar da ya fara shiga ajin yaƙi da jahilci.

Fiye da 90 cikin 100 na mutanen ƙasar addinin Buda suke bi. Da sassafe za ka ga malaman addininsu cikin mayafi ruwan goro, ba takalmi, riƙe da ƙwarya, mutane suna zuba musu abinci. Mace ba ta taɓa su. Musulmi kamar 5 ne cikin 100, mafi yawansu a kudu, wajen iyakar Maleshiya. A Bankok ma akwai masallatai da yawa. Amma naman alade yana cikin abinci iri-iri. Musulmi sai ya nemi alamar halal, wadda ake rubutawa da baƙaƙen Larabci. Ya kuma hardace wannan magana: "mai kin mu", wato ba na cin alade.

Suna da sarki. Na yanzu ya gaji mahaifinsa a 2016, bayan uban ya shekara 70 a kan gado. Zagin sarki laifi ne babba: ɗaurin shekara 3 zuwa 15, ko baƙo ne ya yi. Hoton sarki yana kan kuɗinsu, mai suna bat. In iska ta ɗauke maka takardar kuɗi, kada ka taka ta da ƙafa. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren taruwa. In ka ga an tsaya, kai ma tsaya.

MAGANAR TAKARDU

Abu na biyu shi ne takarda. Ɗan Nijar yana bukatar biza, da katin allurar shawara. Mai gidan da ya saukar da baƙo dole ne ya sanar da hukuma cikin awa 24. Wanda ya zauna da daɗewa, duk kwana 90 sai ya sanar da ofishin baƙi inda yake. Wanda ya wuce kwanakin bizarsa zai biya tarar bat 500 a kan kowane yini, har ta kai bat 20.000. In kama shi aka yi, za a tsare shi, a kore shi, a hana shi dawowa.

Ba a aiki sai da takardar izinin aiki. Akwai sana'o'in da aka ajiye wa ƴan ƙasa kaɗai, kamar aski da talla da jan ƴan yawon buɗe ido. Saboda haka wanda ya ce maka ka zo kawai aiki yana jiranka, ka tambaye shi takarda. Kada kuma ka karɓi jaka ko ƙunshi daga hannun kowa don ka kai wa wani. Hukuncin fataucin ƙwaya a can yana iya kaiwa ga kisa.

Ga wani abin lura. Shekararsu ta riga ta Turawa da 543. Shekarar 2025 ita ce 2568 a wurinsu. In za ka duba ranar ƙarewar takarda ko ta magani, ka yi wannan lissafi.

Ruwan famfo ba su cika shansa ba, na kwalba ko tatacce suke sha. Akwai kuma sauro mai cizo da rana, mai kawo zazzaɓin denge.

HANYA

Yanzu mun zo ga babbar magana. Wanda ya saɓa wa ladabi zai ji kunya. Wanda ya saɓa wa takarda zai biya tara. Amma wanda ya saɓa wa hanya, da ransa zai biya.

Abin mamaki, mutanen nan masu sanyin zuciya, hanyoyinsu suna cikin waɗanda suka fi kisa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cikin rahotonta na 2018 cewa fiye da mutum 22.000 suke mutuwa a hanyoyin Tailan kowace shekara. Kamar mutum 60 ke nan kullum. Cikin rahoton 2023 adadin ya sauka zuwa wajen 18.000. An sami sauƙi, amma har yanzu kamar mutum 50 ne kullum. Ku ƙiyasta: ƙauye mai mutum 350 ya ƙare cikin mako guda.

Su wane ne suke mutuwa? Cikin kowane huɗu, aƙalla uku a kan babur suke, wanda muke ce wa moto. Babura a Tailan sun fi miliyan 20. Babur shi ne jakin talaka. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai yara makaranta. Za ka ga miji da mata da ƴaƴa biyu a kan babur guda, yaran ba kaske. Manyan hanyoyi masu faɗi suna ratsa garuruwa, manyan motoci suna sheƙa gudu, babura suna gefensu. Wurin juyawa yana da nisa. Mai babur da ba ya son zagaye sai ya biyo gefen hanya a baibai, yana fuskantar motoci. Ga giya, ga santsin damina, ga karnuka da suke faɗowa hanya da dare.

Bikinsu na sabuwar shekara sunansa Sonkaran, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu. Lokacin tsananin zafi ne. Ana watsa wa juna ruwa a titi, ma'aikatan birni suna komawa ƙauyukansu. Su da kansu suke kiran makon "kwana bakwai masu hatsari". Kusan kowace shekara fiye da mutum 200 suke mutuwa a hanya cikin makon nan. Gudu da giya su ne a gaba wajen jawo haka.

Mai tafiya a ƙasa ma bai tsira ba. A Janairun 2022 wani ɗan sanda a kan babban babur ya kaɗe wata likitar ido a Bankok, ta rasu. A daidai wurin da aka zana don masu tsallakawa ya same ta. Mutanen ƙasar sun ji zafin abin ƙwarai. Bayan haka aka shafa wa wuraren tsallakawa da yawa jan fenti, aka ƙara tara. Daga Janairun 2023 kowane direba yana da maki 12. In ya yi laifi a rage, in sun ƙare a dakatar da perminsa. Rashin sa kaske kuwa tararsa tana kaiwa bat 2.000, kuma dokar ta hau kan mai tuƙi da wanda aka goya.

ABIN DA BAƘO ZAI KIYAYE

Na farko: a Nijar hannun dama ake bi, a Tailan hannun hagu. Mu mun saba duba hagu kafin mu sa ƙafa a titi. A can dama za ka fara dubawa. Sa'an nan ka duba hagu, saboda mai zuwa a baibai. Ido ya saba da abin gida, sai ka riƙa tuna masa.

Na biyu: a Bankok akwai jirgin ƙasa mai bi ta sama tun 1999, da mai bi ta ƙarƙashin ƙasa tun 2004, da jiragen ruwa a kogin Cau Faraya. In za su kai ka inda za ka, su ne suka fi lafiya. In tasi ka shiga, ka ce a kunna mita. In tuk-tuk ne, irin adaidaitarmu, ku yi ciniki tun kafin ka hau.

Na uku: ƴan kabu-kabunsu suna sa riga ruwan lemo mai lamba. Ka nemi kaske kafin ka hau. Ka ɗaure igiyarsa a haɓa. Kasken da ba a ɗaure ba, shi yake riga mai shi faɗuwa.

Na huɗu: kada ka yi hayar babur in ba ka da permin babur, na Tailan ko na ƙasa da ƙasa. Permin mota bai isa ba. In ka faɗi ba ka da shi, ko kana cikin maye, masu asiransi suna iya ƙin biya. Asibitin kuɗi kuwa yana da tsada ƙwarai. Kada kuma ka bar fasfonka jingina wurin mai ba da haya.

Na biyar: in hatsari ya faru, kada ka gudu, kada ka yi faɗa. Lambar motar asibiti 1669 ce. Ta ƴan sanda 191. Ta ƴan sanda masu kula da baƙi 1155. Ka rubuta su a takarda, tare da sunan masaukinka da baƙaƙen Tailan, ka sa a aljihu. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, takardar nan ita ce sandarsa.

MU FA?

Jama'a, Tailan tana da gudron mai kyau da asibitoci manya, amma duk da haka babur yana cin mutanenta. Mu kuwa da gidan likita yake nesa da ƙauye, yaya ke nan? Yau babur ya shiga kowane gari namu. Ranar kasuwa muna ganin samari uku a kan guda, har da rago a tsakiya, ba mai kaske ko ɗaya. Muna ganin yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba yana tuƙi.

Mutum yakan sayar da bijimi ya sayi babur, amma ya ji ƙyashin kuɗin kaske, wanda bai kai na ɗan akuya ba. Maigida, in za ka saya wa ɗanka babur, ka haɗa masa da kaske biyu, nasa da na wanda zai goya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan labari. Masu gari da limamai su ma su sa baki. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Allah ya kiyaye matafiya, na gida da na waje. Sai wata mai zuwa.