Kurtu, Bari Mai Magana Ya Kai Aya

Tun da aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Sakkwato a 2024, samarin Isa da Sabon Birni ke ta shiga kaki, wasu kuma na neman gurbin aikin ɗan sanda. Allah ya tsare su. Sai dai duk wanda ya zo gaishe ni maganar bindiga yake yi. Ba wanda ke tambayar yadda ake zama da shaida, ko yadda ake rubuta bayaninsa. Alhali a aikinmu na ɗan sanda, abin da ke kai mai laifi gidan yari takarda ce.

'Ya'yana, darasin guda ne: ku bari mutum ya gama maganarsa.

Sajan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya ɗaukar biro sai ya ba mai ƙara ruwa ya tambaye shi gida. Sannan ya ce, "Baba, faɗa mini yadda abin ya faru tun daga farko." Sai ya kame bakinsa. Wata rana aka kawo ƙarar satar raƙumi. Mai raƙumin ya yi ta zagaye, har da labarin auren 'yarsa. A cikin labarin auren nan ne sunan baƙon da ya kwana gidansa ya fito, kuma a hannun baƙon aka sami raƙumin. Da an katse tsohon, da shi ke nan.

Yaran yanzu kuwa amsar suke saka wa mutum a baki. "Ba jan babur ne ba?" Talakan da ke tsoron kaki zai ce jan ne, yallaɓai. Tambaye shi launin babur ɗin, ya faɗa da kansa. Kar ku haɗa shaidu biyu ɗaki ɗaya, domin na biyu bakin na farko zai bi. Duka kuma ba ya haifar da komai sai ƙarya. Wanda aka rataye zai amsa har laifin da aka yi kafin a haife shi, mai laifin na can yana yawo. Tun 2017 doka ta mayar da azabtarwa laifi, kuma dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi ɗaukar ikirari a bidiyo da ba wanda ake tuhuma damar samun lauya a gefensa. Wayar da kuke ɗaukar hoton gawa da ita ku watsa a Facebook, ita ce ta dace da wannan aikin. Ku ji kunya!

Rubutu ma saurare ne. Bagobiri zai yi maka bayani da Hausa, Bafulatani da Fulatanci, kai kuma ka juye shi da Turanci. Nan ake cin amana ba a sani ba. In ya ce bayan la'asar, rubuta bayan la'asar, kar ka ƙirƙiro masa ƙarfe biyar. Raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Sa kwanan wata, wuri, da sunan tafinta, domin in tafinta bai bayyana a kotu ba, takardar na iya zama banza. Karanta masa da harshensa kafin ya dangwala yatsa.

Ku rubuta komai. Amma a ƙasar nan yau, ba komai ake ajiyewa kan tebur ba. Mutanen da suka ga abin da ya faru a Garki da Ɗan'aduwa a Mayun 2020, da motar fasinja da aka ƙona kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021, da kisan Sarkin Gobir na Gatawa a Agustan 2024, sun san cewa baki shi ke yanka wuya. Manomin da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin ya girbe geronsa, in ya tako caji ofis, ransa ya ɗauko a hannu. Kar ka yi masa tambaya a bakin kasuwa. Kar sunansa ya kwana inda infoma zai leƙa. In suna ɗaya ya zurare, garin gaba ɗaya zai rufe muku baki har abada.

Wani lokaci nakan ce me takarda za ta yi wa mutanen da ke zuwa kan babura da manyan makamai. Amma ranar shari'a na nan tafe. Matan da suka gudu Maraɗi da marayunsu za su buƙaci abin da aka rubuta a lokacin da tunaninsu ke ɗanye, kuma alƙali ba ya hukunci da jita-jita. Saboda haka kurtu, ko sau goma mace ta tsaya kuka, ajiye biro ka jira ta. Bari ta gama.