Radha Ta Harbi Ɗanta, Har Yau Ba Mu Gama Gardama Ba



Fim ɗin Mother India ya fito a 1957, Mehboob Khan ne ya ba da umarninsa, tsawonsa kusan awa uku. Iyayenmu da kakanninmu sun kalle shi a gidajen sinima ba tare da suna jin Indiyanci ba, amma ka tambayi dattijon da ya gan shi, zai zayyano maka labarin tiryan-tiryan. Yaya aka yi labarin da ba a jin harshensa ya zauna a zukata haka?

Surukar Radha ce ta ci bashin rupi 500 wurin Sukhilala don bikin ɗanta, shi kuma ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu. Dutse ya danne hannayen mijin, kunyar zama a ciyar da shi ta sa ya bar gida. Ambaliya ta cinye abin da ya rage. Sukhilala ya nemi ta sayar da mutuncinta a ba ta abinci, ta ƙi. Ɗanta Birju ya tashi da wannan ƙullin a zuci, ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya sungumi 'yarsa ranar aurenta. Uwar da ta sha wuya a kansa ita ce ta ɗauki bindiga ta harbe shi.

A hutuna na ƙarshe kafin in kammala difloma na kunna shi a gida, ni da Gwaggo da ƙanena. Duk fitowar Sukhilala sai Gwaggo ta ja tsaki, har Allah-ya-isa ta yi masa, alhali mutumin ba ya yawan ɗaga murya. Lallami ne da murmushi da littafin bashi a hannu. Kanhaiyalal, wanda ya fito a matsayin, ya taɓa yin wannan rawar a fim ɗin Aurat na 1940, ya san cewa mai cin zalin talaka da fara'a yake zuwa.

Da aka zo harbin, ƙanena ya ce, "Wallahi Gwaggo, babu uwar da za ta yi haka." Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Kai yaro ne. Ta ɗauki alkawari ba za a taɓa 'yar mutane ba. Ba ka ga ita ta fara rungume shi da ya faɗi ba?" Har aka kira isha'i ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa.

Abin da ya ɗaure min kai, ba wanda ya ce wasa ne. Nargis da Sunil Dutt duk a 1929 aka haife su, a 1958 ma suka yi aure, amma a fim ɗin ba ka ganin komai sai uwa da ɗa. Tafiyarta ta sauya da tsufa, kafaɗunta suka ranƙwafa, idan ta ja garma da wuyanta sai ka ji nauyin a naka.

Mu fa? Sau nawa muke rubuta "ta kasance mace mai haƙuri da tarbiyya", mu wuce? Radha ba a gaya mana haƙurinta ba, an sa ta zaɓa ne tsakanin yunwar 'ya'yanta da mutuncinta, sannan tsakanin ɗanta da alkawarinta. Mugunmu kuwa kullum zare ido yake yana dariyar ƙeta, shi ya sa ba ya ba kowa tsoro.

Ni dai ina tare da Birju a kan zaluncin da aka yi musu, ina tare da uwarsa a kan yarinyar da ba ta ci bashin kowa ba, kuma na kasa raba su. Ku duba labarin da ke hannunku yanzu: akwai wurin da mutum biyu masu hankali za su karanta su saɓa? Idan babu, da sauran aiki.

Allah Ya ƙara mana basira.