Damargu: masu haƙa a bakin tabki

Daga Tanut zuwa Balbeji matafiyi ba ya ƙetare kogi. Kwarin Tarka ne ke tara ruwan damina, tabkuna su riƙe shi zuwa rani. Nan garken Fulani da Buzaye ke sha, nan ɗan kifin ƙasar ke rayuwa. Saboda haka, mai haƙar yashi ko marmara a gefen ruwa ya sani: dokar ma'adinai ta 2022 ta hau kansa, ta 2018 kuma ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin babban aiki. Ɗan kasuwa ya nemi izini, ya gyara wurin bayan haƙa. Ma'aikacin gwamnati ya taka ya duba. In laka ta binne tabki, tara ba ta mayar da ruwa.