Ƙwaron da ke zuwa bayan angulu

Idan jaki ya mutu a bayan gari, masu cin gadonsa bi da bi suke zuwa. Angulu da karnuka su fara, ƙudaje su zuba ƙwai tun jiki bai huce ba. Sai mushen ya bushe, saura fata da jijiya, sannan wani ɗan ƙwaro ya iso. Masana suna ce masa Dermestes maculatus. Tsawonsa bai wuce santimita 1 ba, bayansa baƙi, cikinsa fari-fari. Tsutsarsa mai gashi-gashi ce, kuma ita ce mai yawan ci. Tana ƙwalƙwale ƙashi tas, har a gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka ana kiwonta don wannan aiki.

Ana samun ƙwaron kusan ko'ina a duniya, ya fi son wuri mai zafi. Matsalarmu da shi ita ce bai san bambancin mushe da dukiya ba. Busasshen nama duk ɗaya ne a wurinsa: fatar jar akuyar Maraɗi kafin ta kai majema, kilishin da ya daɗe a ajiye, da bandar da ake kawo mana daga Difa. Wannan garin da kuke gani a gindin kwalin kifi, da ƴan ɓawo masu gashi, aikin tsutsarsa ne.

Dalilin da ya sa nake koya wa ɗalibaina shi ke nan, ko da suna dariya wai mushe na koyar da mushe. Wasu ƴan kasuwa, don tsoron asara, suna fesa wa kifi fiya-fiya, mu kuwa mu saya mu zuba a miyar yara. Alhali wanda ya san halin ƙwaron yana da dabara. Gishiri na hana tsutsar girma. Zafin rana da hayaƙi suna korar ta. Idan ta ƙoshi kuma takan huda katako ko kwali ta ɓuya kafin ta zama ƙwaro, shi ya sa tsohon kwali ke ɓata sabon kifi.

Malamai, darasin ba ya buƙatar kuɗi. Ku sa guntun banda da tsutsa biyar a kwalba, ku ɗaure bakin da ƙyalle. A wata kwalbar ku sa mai gishiri. Yara su riƙa dubawa suna rubutawa har mako 6.