Kewar Gida a Birnin Landan

Ɗalibin da ya sauka Landan a watan Satumba yakan zaci sanyi ne babban abin tsoro. Sanyi kuwa yana da magani: riga mai kauri da bargo. Abin da ya fi cin rai shi ne duhu da shiru. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa maƙil da mutane, ba mai ce maka sannu, balle ya tambayi mutanen gida. Nan ne kewa takan kama mutum, karatu ya ƙi shiga, har waɗansu su tattara kaya su komo ba takardar shaida.

Zaman ɗaki ba ya maganinta, gama zumunta a ƙafa take. Ran Asabar ka nufi unguwar Peckham, kudu da kogin Thames. A titin Rye Lane za ka tarar da doya, da kuɓewa, da manja, da busasshen kifi, kana jin Yarbanci sai ka ce Legas. In ka tuƙa tuwo, kada ka ci kai kaɗai. Ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka ɗalibi, ko Ba'indiye ne ko mutumin Kenya. Abin da ke damunka shi ke damunsa.

Ku kuma iyaye, in ɗanku ya bugo waya, kada ku fara da zancen kuɗi. Ku ba shi labarin gona da na ƙannensa, ku ce ya yi haƙuri. In Yuni ya zo, rana takan wuce ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba.